Wane Abubakar Ɗin? Sunayenmu da Shafukan Manazarta a Intanet

Duk wanda ke koyarwa a wata jami'a ko kwaleji a arewacin Najeriya a 'yan shekarun nan ya san irin takardar da nake nufi. Takan fito daga ofishin shugaban jami'a ko na daraktan bincike, ta biyo ta hannun shugabannin sassa, ta ƙare a zauren WhatsApp na malamai: kowa ya buɗe shafin Google Scholar (dandalin Google mai tattara rubuce-rubucen masu bincike) da imel ɗin jami'a, kowa ya yi rajistar ORCID (lambar shaidar mai bincike), a miƙa wa sakatare lambobin kafin Juma'a. Wani lokaci har da gargaɗin cewa wanda bai yi ba, ba za a duba takardunsa na ƙarin girma ba. Sai a yi kwana biyu ana rububi. Matasan malamai su buɗe nasu a waya, dattawa su miƙa wa ɗalibi ko yaron shagon kwamfuta, a tattara lambobi a zuba a fayil, ƙura ta lafa. Bayan shekara idan ka bi shafukan nan, da yawansu kango ne, suna kawai babu aiki ko ɗaya. Wasu kuma sun cika maƙil da ayyukan da mai shafin bai taɓa gani ba.

Ina cikin masu ganin ya kamata kowane mai bincike ya mallaki lambar shaida ta dindindin, ya kuma riƙa kula da shafinsa da kansa. Inda na raba gari da masu fitar da takardun nan shi ne dalili. Abin da ke gabansu shi ne matsayin jami'a a jadawalin da ake fitarwa daga waje. Jadawalin Webometrics, wanda wani rukunin bincike na hukumar CSIC ta ƙasar Sifen ya fara fitarwa a 2004, ya yi shekaru yana ɗebo wani ɓangare na makinsa daga shafukan Google Scholar na malaman kowace jami'a, shi ya sa ake nacewa a kan imel ɗin jami'a. AD Scientific Index kuwa, wanda ya ɓullo daga Turkiyya a 2021, a kan Google Scholar ɗin ya jingina kacokan. Idan dalilin ke nan, malami ya zama mai kawo maki, da zarar an ƙirga shi an gama da shi. Abubuwa biyu aka cakuɗa a takarda ɗaya: lambar da ke tantance wane ne ya rubuta me, da lambar da ke iƙirarin auna darajar mutum. Ta farkon muna buƙatarta fiye da yawancin al'ummomin duniya. Ta biyun kuwa, gwargwadon yadda muka rungume ta, gwargwadon yadda za ta lalata mana aiki.

Na ce mun fi wasu buƙata ne saboda sunayenmu. Rumbunan bayanan da ke tattara ayyukan masu bincike an gina su a kan tsarin Turawa, sunan yanka da sunan dangi da ake gada kaka da kakanni. Bahaushe ba haka yake ba. Yana da sunansa, sai na mahaifinsa, wani lokaci na kakansa, wani lokaci na garinsu ko unguwarsu, wani lokaci laƙabi ko sana'ar gidansu. Tun zamanin makarantun Turawan mulki aka fara liƙa wa ɗalibai sunan gari don a bambance wannan Abubakar da wancan a rajistar aji, abin da ya ba mu Aminu Kano da Shehu Shagari da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Matsalar tsohuwa ce. Abin da ya canja shi ne, a da malamin aji ne ke warware ta, kuma ya san fuskar kowa. Yanzu na'ura ce, kuma ba ta san kowa ba.

A ce mutum sunansa Muhammad, mahaifinsa Sani, kakansa Abubakar, asalinsu Gumel. Maƙalarsa ta farko, wadda ya ciro daga kundin digirinsa na biyu, ta fito da M. S. Abubakar. Ta biyu abokin aikinsa ne ya cike fom ɗin mujalla, ya rubuta Sani, M. A. Da ya tafi karatu Malesiya, fasfonsa na ɗauke da Mohammed, jami'ar can ta bi abin da ke fasfo. Da ya dawo ya tarar masu suna irin nasa sun yi yawa a tsangaya, sai ya koma M. S. A. Gumel. Mutum ɗaya ne a gida da masallaci, amma a wurin na'ura mutum huɗu ne, kowanne da 'yan maƙalunsa. Kuma kowane ɗaya daga cikin sunayen nan akwai wasu bayin Allah masu amsa shi: wani likita a Sakkwato, wani injiniya a Maiduguri, wani masanin noma a Pakistan. Aikinsa ya rarrabu, na wasu kuma ya shigo cikin nasa.

Ba a ma zo kan rubutun sunan ba. Muhammad, Mohammed, Muhammed, Moh'd. Usman, Uthman, Othman. Abdulƙadir, wanda idan editan wata mujalla ya raba shi biyu sai na'ura ta ɗauki Kadir a matsayin sunan dangi, Abdul ya koma harafi ɗaya. Alamar da ke cikin Sa'idu da Mu'azu da Rabi'u takan ɓace ko ta rikiɗe ta zama wasu baƙaƙe marasa ma'ana. Haruffa masu lanƙwasa kuwa, wanda ya dage sai an rubuta masa Ɗanladi daidai yakan tarar an mayar da shi Danladi a wuri ɗaya, a wani wurin an sa masa alamar tambaya a farkon suna. Ƙetare iyaka zuwa Maraɗi ko Damagaram, sunayen nan dai su ne Mahamadou da Aboubacar da Ousmane da Issoufou. Malamin Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da ya yi bincike tare da takwaransa na Sakkwato na iya ganin an gyara masa suna zuwa rubutun Ingilishi da kyakkyawar niyya, alhali idan lokacin ƙarin girma ya zo, hukumar CAMES da ke Wagadugu, mai tantance malaman jami'o'in ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, takardun da ke ɗauke da sunansa na hukuma za ta duba. Masu rubutu da Larabci nasu ya fi: suna ɗaya da baƙin Larabci, uku ko huɗu da boko.

Mata sun fi kowa shan wahalar wannan. Al'adarmu da addininmu ba su ce mace ta bar sunan mahaifinta ba, amma da yawa daga cikin 'yan boko sukan ɗauki sunan miji ko su haɗa biyun. Wadda ta buga maƙala uku kafin aure, biyar bayan aure, ga mai neman ta a intanet mata biyu ne, kuma babu wadda aikinta ya kai a gayyace ta taro. Idan aure ya mutu aka sake wani, lissafin ya ƙara dagulewa, kuma ba kowace ce za ta so ta riƙa yi wa baƙi bayanin tarihin gidanta don kawai a gane aikinta ba.

Jami'o'in su ma ba su zauna a kan suna ɗaya ba. Jami'ar Sakkwato ta koma Usmanu Ɗanfodiyo. Ta jihar Katsina ta koma Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ta fasaha da ke Yola ta koma Modibbo Adama. Ta Wudil ta ɗauki sunan Aliko Ɗangote. Northwest ta Kano ta koma Yusuf Maitama Sule a 2017, daga baya aka mayar mata da sunanta na farko. Duk sauyin nan, komai kyan dalilinsa, yana raba ayyukan malamai gida biyu a rumbunan bayanai. Don irin wannan ne aka ƙirƙiro ROR a 2019, lambar shaida ta cibiyoyi, wadda ba ta canjawa ko majalisar jiha ta canja allon ƙofa.

Yadda manyan rumbunan ke aiki ya kamata kowane malami ya sani, don a nan ɓarnar take faruwa. Scopus na kamfanin Elsevier ba ya tambayar kowa. Da zarar maƙalarka ta fito a mujallar da yake lissafawa, na'urarsa za ta duba suna da wurin aiki da fanni da abokan rubutu, ta yanke hukunci ko kai sabon mutum ne ko wani da ta riga ta sani, ta ba ka lamba. Idan ta yi shakka sai ta buɗe maka sabon shafi. Haka mutum zai wayi gari da lambobin Scopus biyu ko uku bai sani ba. Akwai fom na kyauta da ake cikewa a nemi su haɗe shafukan ko su cire abin da ba naka ba, amma sai wanda ya san da matsalar ne zai nema. Jerin nan na kashi biyu cikin ɗari na manyan masana da John Ioannidis na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa ke fitarwa tun 2019, wanda jami'o'inmu ke buga sanarwar taya murna a kansa, daga wannan Scopus ɗin ake ɗebo shi, da kurakuransa duka.

Google Scholar, da aka buɗe a 2004 aka ƙara masa shafukan marubuta a 2011, nasa salon daban ne. Kai ne kake buɗe shafin, amma yana ba ka zaɓi: ya riƙa ƙara maka ayyuka da kansa, ko ya turo maka imel ka duba tukuna. Mai suna irin namu da ya bar shi a kan na farko ya buɗe ƙofa ke nan. Wata uku sai ka ga malamin adabin Hausa yana da maƙala a kan ciwon ƙoda da wata a kan simintin gini. Wasu ba su sani ba, ban ga laifinsu sosai ba. Amma akwai waɗanda sun sani sarai, sun ga adadin ambato, wato sau nawa wasu suka kafa hujja da aikin, ya haura daga talatin zuwa dubu, suka yi shiru, har suna ɗaukar hoton shafin suna turawa a zaure ana yi musu barka. Wannan ba shi da wani suna illa cin haƙƙin wani, kuma mutumin da zai hukunta ɗalibi a kan satar amsa bai kamata a same shi da wannan ba.

ORCID ya bi ta wata hanya. Ƙungiya ce wadda ba ta neman riba, ta fara ba da lambobi a watan Oktoba na 2012. Lambar mai alƙaluma 16 ce, an kasa ta huɗu-huɗu, kyauta ce ga mai bincike, kuma ba ta da alaƙa da jami'ar da kake ko ƙasar da kake. Ba ta ba ka maki, ba ta jera ka gaba da wani ko bayan wani. Abin da take cewa kawai shi ne wannan mutumin shi ne wancan. Akwai gurbin da za ka zuba duk sunayen da aka taɓa buga ka da su, har da na baƙin Larabci. Kana iya sa imel fiye da ɗaya. Kai ne ke zaɓar abin da kowa zai gani da abin da za ka ɓoye. Kana iya shigar da littafi da babin littafi da takardar taro da hannunka ko da ba su taɓa hawa intanet ba. Idan kuma mujalla ta karɓi lambarka lokacin da ka tura maƙala, ta sa ta cikin bayanan da take aika wa Crossref, hukumar da ke ba da DOI, wato lambar shaidar dindindin ta kowace maƙala, to izini ɗaya za ka bayar, daga nan duk sabon aikin da ya fito zai shiga shafinka da kansa, da shaidar cewa daga mawallafi ya zo, ba kai ka rubuta da hannunka ba.

Wanda ya taɓa tsayawa layi a banki saboda sunan da ke BVN ɗinsa bai yi daidai da na katin ɗan ƙasa ba ya riga ya fahimci amfanin abin. Lamba ɗaya ce ke riƙe da asusunka duka, ko an rubuta Mohammed a wannan banki, Muhammad a wancan. Kuma babu mai hankalin da zai ba yaron shago ya buɗe masa BVN da lambar wayar yaron.

Amma abin da ake yi da ORCID ke nan. Yaron ya buɗe da imel ɗinsa ko da wani sabon imel da ya ƙirƙira a take, ya rubuta lambar a takarda ya miƙa, kalmar sirri ta tafi da shi. Badi wata mujalla ta nemi lamba, malam ya kasa shiga, a sake buɗe wata. Na ga masu lamba biyu, na ga masu uku, wato an ɗauki maganin rarrabuwar suna an mayar da shi sabuwar hanyar rarrabuwa. ORCID na da hanyar haɗe lambobin da suka maimaitu, amma sai kana iya shiga asusun. Wani kuma ya yi rajista da imel ɗin jami'a kaɗai, ya canja wurin aiki ko uwar garken jami'ar ta mutu, shi ke nan. Aikin da ake buƙata bai fi na zama ɗaya ba: mutum ya buɗe da hannunsa, ya sa imel ɗinsa na kansa tare da na aiki, ya zuba sunayensa duka, ya zaɓi siffa ɗaya ta sunansa ya tsaya a kanta daga yau. Shawarata ga ɗaliban digiri na biyu da na uku ita ce su yanke wannan hukunci kafin maƙalar farko, kuma wanda sunan garinsu ko na kakansa ya fi zama na daban, ya riƙe shi.

Ba don son ranmu ma za mu yi ba. A farkon 2016 wasu manyan mawallafa, cikinsu da PLOS da eLife da IEEE da Royal Society, suka sa hannu a wata buɗaɗɗiyar wasiƙa cewa za su riƙa neman ORCID daga marubuta. Wellcome Trust, da ke ba da kuɗin binciken lafiya a Afirka sosai, ta wajabta shi ga masu neman tallafi. Hukumar bincike ta Afirka ta Kudu, NRF, ita ma haka. Wanda ke son tallafi daga waje zai ci karo da wannan gurbi a fom ko ya so ko ya ƙi.

To sai ɗaya lambar, mai iƙirarin auna darajar mutum. A 2005 wani masanin kimiyyar fiziks a Jami'ar Kalifoniya ta San Diyego, Jorge Hirsch, ya kawo ma'aunin h: idan kana da maƙala goma da aka ambaci kowace aƙalla sau goma, ma'auninka goma ne. Dabara ce mai sauƙi, kuma sauƙin ne ya sa masu mulki suka so ta, don ba sai an karanta komai ba. Yadda ake wasa da ita a Google Scholar an nuna shi tun tuni. A 2010 Cyril Labbé na Grenoble a Faransa ya ƙirƙiri wani marubuci na ƙarya, Ike Antkare, ya sa manhaja ta tsara masa maƙalu sama da ɗari na shirme zalla masu ambaton juna, ma'auninsa ya kai 94, ya wuce na Einstein. A 2024 wani ɗalibin digiri na uku a Amurka, Reese Richardson, ya yi wa kyanwar kakarsa mai suna Larry irin wannan: maƙalun bogi aka ɗora a ResearchGate, dandalin da masu bincike ke ɗora ayyukansu, Google Scholar ya ƙirga, kyanwa ta samu ambato 132 da ma'auni 11 kafin a goge shafin. Ma'auni 11 ya fi na farfesoshi da yawa da na sani waɗanda suka yi shekara talatin suna aikin gaske.

Mu a nan ba mu ma buƙatar kyanwa. Muna da "sa sunana a taka, in sa naka a tawa", har ka ga maƙala mai shafi shida da marubuta tara daga sassa biyar. Muna da "ka ambace ni, in ambace ka". Muna da mai duba kundi da ba zai sa hannu ba sai ɗalibi ya kafa hujja da ayyukansa ko sun dace ko ba su dace ba. Muna da mujallun da ke karɓar kuɗi ranar Litinin su buga ranar Alhamis, kuma Google Scholar yana ƙirga su daidai da kowace. Duk lokacin da kwamitin ƙarin girma ya rubuta cewa sai mai ma'auni kaza, waɗannan sana'o'i yake ƙara wa kasuwa. Kuma lambobin kamfanoni ba su da alƙawari. Akwai lokacin da mutane ke rubuta makin ResearchGate a takardar tarihin aikinsu da alfahari, sai kamfanin ya soke makin gaba ɗaya a 2022. Microsoft ya rufe nasa rumbun a ƙarshen 2021. Masu ilimin awon bincike da kansu sun yi gargaɗi, a sanarwar DORA ta San Faransisko a 2012 da kuma ta Leiden a 2015, cewa lamba ba ta maye gurbin karanta aiki, kuma ba a auna fanni da ma'aunin wani fanni.

Wannan na ƙarshen ya fi damuna. Masanin sinadarai da ke bugawa da Ingilishi tare da mutum takwas yana cikin kasuwa mai dubban masu ambato. Masanin waƙar baka, ko fiƙihu, ko tarihin masarautar Katagum, yana rubutu shi kaɗai, sau da yawa da Hausa ko Larabci, a mujallu irin su Harsunan Nijeriya da Algaita da Harshe da Ɗunɗaye, ko a littattafan karramawa da ake bugawa kwafi ɗari biyar. Masu ambatonsa suna nan, ɗalibai ne a kundayen da ke jibge a ofisoshin sassa, amma na'ura ba ta ganin su. Scopus ma sharaɗinsa take da tsakure su zo da Ingilishi. Idan ka jera mutanen nan biyu a ma'auni ɗaya, ba ƙwazonsu ka auna ba, ka auna wanda na'ura ta fi gani ne. Sakamakon da na fara lura da shi shi ne matasan da suka iya Hausa sosai suna guje wa rubutu da ita, don an nuna musu ba ta kawo maki.

Nan ne nake ganin an ɗora wa malami kayan da ba nasa ba. Shafi ba ya nuna abin da babu shi a intanet. Idan mujallar sashe takarda ce kawai, ko fayil ɗaya da aka ɗora a shafin da ke mutuwa duk lokacin da aka manta biyan kuɗin shekara, to ko malam ya buɗe shafi goma ba abin da zai bayyana. Gyaran yana wurin mujalla da ɗakin karatu. Manhajar OJS ta tafiyar da mujallu kyauta ce, kuma tana iya karɓar ORCID daga marubuci. AJOL, wadda ta fara a 1998 take kuma zaune a Afirka ta Kudu, tana ɗauke da ɗaruruwan mujallun Afirka, kuma na Najeriya sun fi na kowace ƙasa yawa a ciki. Kuɗin zama mamba a Crossref ga ƙaramin mawallafi bai kai dala 300 a shekara ba, DOI ɗin sabuwar maƙala kuma dala ɗaya ne. Tun 2023 ma sun yafe wa ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi kuɗin, cikinsu da Nijar da Chadi. Jami'a ɗaya na iya zama mamba ta rufa wa mujallunta duka, da kuɗin da bai kai na abincin taron majalisa guda ba. TETFund, hukumar asusun tallafa wa manyan makarantun Najeriya, tana ba da tallafin buga mujallu. Da za ta ce ba za ta biya ba sai mujallar na da DOI da ma'adana mai ɗorewa, da cikin 'yan shekaru an ga bambanci. Kafin nan, mai maƙalar da haƙƙin mallakarta ke hannunsa na iya ajiye ta a Zenodo na cibiyar CERN ya samu DOI kyauta, ko a AfricArXiv da ke karɓar rubutu da harsunan Afirka.

Ma'aikatan ɗakin karatu su ne suka karanci wannan aiki, tantance suna da tsara bayanai sana'arsu ce tun kafin kwamfuta. Amma takardar umarni takan tsallake su, ta tafi wurin sakataren sashe. Da za a ce kowane sabon malami da kowane ɗalibin babban digiri sai ya zauna da ma'aikacin ɗakin karatu sau ɗaya, a buɗe lambar a gabansa, a binciko masa shafukansa na Scopus a haɗe, a kashe masa shigar da ayyuka kai tsaye a Google Scholar, da an huta da yawancin abin da na lissafa.

Akwai dattawan da ke ƙyamar abin gaba ɗaya, kuma ban raina hujjarsu ba. Suna ganin tallar kai ne, ilimi kuma ba a yi masa shela, wanda ke nema zai zo har gida. Game da ɗaukar hoton adadin ambato a tura zaure, ina tare da su ɗari bisa ɗari. Amma tantance mai magana ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Malaman hadisi sun keɓe fanni sukutum ga maruwaitan da sunansu da na mahaifinsu suka zo ɗaya alhali mutane ne daban-daban, Al-Khaɗib al-Bagdadi, wanda ya rasu a 463 bayan hijira, ya yi littafi a kansa, kuma misalin da ɗalibai ke haddacewa shi ne Khalil bin Ahmad, suna ɗaya mutum shida. Ba don su tallata kowa suka yi wannan wahala ba. Sun san idan aka jingina wa wani maganar wani, an zalunci mutum biyu, an kuma ɓatar da mai karatu. Ɗalibar da ke Zinder ko Kumasi ko Kartum tana neman abin da aka rubuta a kan karin harshen Gobir ba za ta iya zuwa har gida ba. Za ta rubuta suna a waya, abin da ya fito shi za ta ɗauka.

Abin da zan roƙi kwamitocin ƙarin girma shi ne su nemi lambar ORCID don su tabbatar ayyukan da aka gabatar na mai su ne, su cire sharaɗin ma'aunin h daga ƙa'idojinsu, su ce wa mai nema ya zaɓo ayyukansa uku ko biyar da ya fi yarda da su, masu tantancewa su zauna su karanta. Ya fi cin lokaci, na sani, kuma masu tantancewar ana jinkirta musu ɗan abin da ake biyansu. Wannan ma sai a gyara.

Saura waɗanda suka riga mu gidan gaskiya. Ƙa'idar ORCID ita ce mutum shi ke buɗe wa kansa, ba a buɗe wa wani, don haka malaman da suka kafa nazarin Hausa da tarihi da Larabci a Zariya da Kano da Sakkwato a shekarun 1960 zuwa 1980 ba za su taɓa samun lambar ba. Ayyukansu na cikin mujallun da aka buga da keken rubutu, da takardun taro da kwafinsu ya rage a akwatin iyali ko a kabad ɗin wani tsohon ɗalibi. Su nasu hakkin yana wuyan sassan da suka bari: a nemi izinin magada, a ɗauki hoton takardun, a ajiye su a ma'adanar jami'a da cikakken suna da duk siffofin da aka taɓa rubuta shi, kowace takarda da lambarta. Sashe ɗaya da na'urar ɗaukar hoto ɗaya da ɗaliban digiri na biyu guda biyu za su iya gama na malami ɗaya a zangon karatu guda.